Yoyon fitsari: kwana biyu na naƙuda, shekara goma na tsumma

Wanda ya shiga ɗakin masu jinyar yoyon fitsari bayan an yi musu aiki, abin da idonsa zai fara faɗawa a kai shi ne roba. Kowace mace tana tafe a hankali, hannu ɗaya riƙe da ƙaramin bokiti, siririyar tiyo ta fito daga ƙarƙashin zane tana ɗiga a ciki, ɗaya hannun kuma riƙe da kofin ruwa. Ma'aikaciyar jinya in ta zo wucewa ba fuska take fara kallo ba, bokitin take leƙawa. In fitsarin ya yi fari tas kamar ruwan famfo, ta wuce abinta. In ya yi ja ko ya yi kauri, faɗa ya tashi: "Baiwar Allah, ba kya shan ruwa!" Ga matar da ta shekara biyar ko goma tana ƙin ruwa don kada ta jiƙa tabarma, wannan umarni ya fi allura wuya.

Kusan duk matan da ke ɗakin nan jinkiri biyu ne ya kawo su. Na farko an yi shi ranar naƙuda. Na biyu an yi shi a makonnin da suka biyo baya, lokacin da fitsari ya fara zuba aka ce a bari a yi arba'in tukuna. Na farkon kowa yana maganarsa a rediyo. Na biyun ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ne ya fi sauƙin gyarawa.

Ga yadda ramin da fitsarin ke zuba ta cikinsa yake samuwa. Mafitsara tana kwance ne a gaban hanyar haihuwa, bayan ƙashin mara, dubura kuma tana daga baya. Fatar da ta raba su siririya ce. Idan kan yaro ya sauko cikin ƙugu ya kasa wucewa, ko don ya fi ƙarfin ƙugun ko don ya zo a karkace, mahaifa ba ta daina turowa. Kowane murɗawar ciki yana ƙara danna kan a jikin ƙashi, naman da ke tsakani kuma yana matse kamar yatsa a bakin ƙofa. Jini ya daina isa wurin. Naman da jini bai kai masa ba na sa'o'i mutuwa yake yi. Yawanci yaron ma ba ya kai labari; cikin goma, wajen tara a mace ake fito da su. Bayan ya mutu kansa ya yi laushi, sai ya zame ya fito, mutanen gida su ce alhamdu lillahi an rabu lafiya.

Ba a rabu lafiya ba. Mataccen naman nan ba ya faɗuwa nan take. Yakan ɗauki kwana 3 zuwa 10 kafin ya ruɓe ya zube, daga nan ne ƙofa ke buɗewa tsakanin mafitsara da gaba. Shi ya sa da yawa za ka ji sun ce wajen ranar suna abin ya fara, kuma shi ya sa ake ɗora wa maita ko iska ko bakin kishiya, tunda an ga ta yi kwanaki lafiya lau. Idan matsewar ta shafi ɓangaren baya, bayan gida ma ta gaba zai riƙa fitowa. Wasu kuma jijiyar ƙafa ce ke taɓuwa, ka ga mace tana jan ƙafa ɗaya, tafin ya saki, ba ta iya ɗaga yatsu. Duk aikin naƙuda ɗaya ne.

Ƙa'idar da ya kamata kowace uwar miji da kowace ungozoma ta riƙe ba ta da wuya: naƙudar da ta tsananta ta kai sa'a 12 ba a haihu ba, ta fi ƙarfin ɗaki. In babu agogo, rana ta isa agogo. Wadda ta fara da asuba ta kai magariba, ko ta fara da magariba ta kai wayewar gari, a nemi mota. Akwai kuma alamun da ba a jira ma sa'a 12 ta cika: mace ta kasa yin fitsari ko ya fito da jini, hannu ko cibiya ta riga kai fitowa, faya ta fashe ruwan ya fito kore ko da wari, gaba ya kumbura, zazzaɓi, jijjiga, ko ciki ya rabu biyu kamar an ɗaure shi da igiya a tsakiya. Wannan ta ƙarshen mahaifa ce ke shirin fashewa.

Abin da ke faruwa a gidaje da dama kuwa kowa ya sani. 'Yar fari ce, an koya mata cewa kukan naƙuda abin kunya ne, sai ta daure ta yi shiru har rabin yini ya wuce ba wanda ya san ta fara. In an sani, sai a kawo rubutu, a kawo jiƙo, a ce ta yi ta nishi. Nishi kafin bakin mahaifa ya gama buɗewa, wato ya kai santimita 10, kumbura shi yake yi ya ƙara toshe hanya. Wani gidan a kira mai kyamis ya zo ya yi "allurar naƙuda". Allurar nan ƙara wa mahaifa ƙarfin turi take yi, ba ta faɗaɗa ƙashi, kuma in hanya a toshe take, mahaifar ce za ta yage. Sannan ga babbar magana: maigida ya tafi ci-rani ko kasuwar ƙauye, ba wanda zai ce a fita da matarsa ba da izininsa ba. Addu'a da rubutu ba wanda ya hana, ana iya yinsu a cikin mota. Izini kuwa tun cikin yana wata bakwai ya kamata maigida ya furta shi a gaban mahaifiyarsa da wani ƙanensa: ko ina nan ko ba na nan, in ta fara a kai ta. Ya ajiye kuɗin mota a hannun mutum ɗaya sananne, da lambar direba biyu, ba ɗaya ba. A jihohin Arewa da dama ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da tsarin ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa. A tambaya a tasha tun da wuri ko akwai shi a yankin. A kuma san tun farko wane asibiti ne yake yin tiyatar haihuwa da daddare, domin ƙaramin asibitin unguwa in abu ya rikice turawa gaba zai yi, an ƙara asarar sa'a biyu ke nan.

Maganar shekarun aure takan cinye duk wata muhawara a kan yoyon fitsari, har a tashi ba a taɓo sauran ba. Gaskiyar likitanci ita ce, ƙugun yarinya yana ci gaba da faɗi shekaru bayan ta fara al'ada, wadda kuma ta tashi cikin ƙarancin abinci nata ya fi jinkiri. Cikin fari a shekara 14 ko 15 haɗari ne na gaske, kuma dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 shekara 18 ta sa. Amma a ɗakin jinyar nan akwai mai haihuwa bakwai, wadda duk shidan a ɗaki ta haife su, na bakwai ya zo a gicciye ko ya fi 'yan'uwansa girma. Ita wannan "ai ta saba" ce ta cuce ta. A ganina, wanda ya tsaya kan shekaru kaɗai da wanda ya ƙi jin maganar shekaru gaba ɗaya, duka sun bar mace a hanya. Yarinya ƙarama in ta isa ɗakin tiyata a kan lokaci ba za ta yi yoyo ba. Babbar mace in ta kwana biyu tana durƙushe tana iya yi.

Akwai hanya ta biyu da ba ta bi ta naƙuda ba, wato yankan gishiri. Mace ta ƙi miji don zafi, ko al'ada ta ɗauke, ko haihuwa ta ƙi zuwa, ko naƙuda ta yi tsawo, sai a ce gishiri ne ya tare, a kira wanzami ko tsohuwa da aska ko reza. Yankan a bangon gaba ake yinsa, daidai inda bututun fitsari ya bi, kuma mai yankan ba ya ganin abin da yake yanka. Babu wani gishiri a wurin. Ramin gishiri yakan zo a miƙe, ya tsaga bututun da naman da ke riƙe fitsari, don haka ko an ɗinke, riƙon ba lallai ya dawo daidai ba. Hanya ta uku a asibiti take faruwa: tiyatar haihuwa ko ta cire mahaifa a hannun wanda bai ƙware ba, a yanki mafitsara ko a ɗaure bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Alamar wannan na ƙarshen ita ce mace tana jin fitsari, tana zuwa ta yi kamar kowa, amma kuma kullum a jiƙe take. A faɗa wa likita haka ƙarara, don aikinsa daban ne.

To, yanzu jinkiri na biyu.

Matar da ta sha doguwar naƙuda, ko ta haihu da kanta ko an yi mata aiki, bai kamata ta bar asibiti ba sai da robar fitsari a jikinta. Ana barin ta kwana 10 zuwa 14. Dalili: mafitsarar da ta sha matsa in ta cika ta miƙe, wurin da ya raunana nan ne zai ɓalle, in kuwa kullum a wofi take, naman da bai gama mutuwa ba yakan farfaɗo. Dangi kan matsa a cire don suna ya matso, mai jego ba za ta zauna cikin mata da tiyo ba. A yi sunan ba ita, ko ta zauna da tiyonta a ƙarƙashin zane.

Idan kuma yoyon ya riga ya fara, makonnin farko zinariya ne. Rami sabo, musamman ƙarami, yana iya rufewa da kansa ba tare da wuƙa ba, in aka sa roba nan da nan aka bar ta mako 4 zuwa 6. Dakta Kees Waaldijk, likitan nan ɗan ƙasar Holan da ya fara wannan aiki a Babbar Ruga ta Katsina tun shekarun 1980, yana cikin waɗanda suka tabbatar da haka a kan mata masu yawa: kusan ɗaya cikin biyar ko shida na masu zuwa da wuri roba kaɗai ke warkar da su. Sharuɗɗan su ne a sha ruwa wajen lita 5 a yini, wato ledar fiya-wata 10, a riƙa zama cikin ruwan gishiri mai ɗumi-ɗumi safe da yamma, a yi ta tafiya kada a kwanta, ma'aikaciya kuma ta riƙa duba wurin tana cire mataccen nama. Na ce mai ɗumi-ɗumi, ba tafasasshen ruwan wankan jego ba; wancan ƙona sabon nama yake yi. Tiyon kada ya lanƙwashe, kada a kwanta a kansa, bokiti ko jaka kuma kullum ta kasance ƙasa da ƙugu. In aka ga ɗigowa ta tsaya na tsawon sa'a guda alhali ana shan ruwa, toshewa ce, a koma asibiti a lokacin, ba gobe ba. Wadda aka ajiye a gida ana turare da tsime har wata uku, bakin raminta ya riga ya bushe ya yi tabo. Wannan sai tiyata.

Shekarun zama da yoyo kuma suna da nasu ɓarnar. Mace ta rage ruwa don ta rage zuba, sai fitsarin ya yi kauri, zarni ya ƙaru, cinyoyi su saɓule, tsakuwa ta taru a mafitsara, wani lokaci ciwon ya haura ƙoda. Kafin a samu zuwa asibiti abin da ya fi shi ne akasin haka: a sha ruwa sosai, a yi ƙunzugu da tsumman auduga ana canzawa akai-akai, a wanke a shanya a rana, a shafa man Vaseline a cinya da matse-matsi. Kada a cusa komai a ciki don toshewa, ko tsumma ko ganye ko alif. Tsakuwa kan taru a jikin abin da aka cusa, alif da kanwa kuma suna tsuke wurin su mai da aikin likita mai wuya.

A asibitin masu yoyon fitsari, gwajin farko ba shi da ban tsoro. Za a sa roba, a ɗura ruwa mai launin shuɗi cikin mafitsara, a duba ta inda ya ɓullo. Daga nan likita zai san girman ramin, nisansa da bakin mafitsara, da yawan tabon da ke kewaye. Yawancin aikin ta gaba ake yinsa, ba a buɗe ciki, da allurar kashe rabin jiki ta gadon baya, mace tana farke. Ana raba bangon mafitsara da na gaba, a saki tabon har gefen ramin su haɗu ba tare da an ja su ba, a ɗinke, a sake ɗura shuɗin a tabbata ba ya fita. A hannun ƙwararre, ramin da bai rikice ba yana rufewa a wajen takwas zuwa tara cikin goma. Amma aikin farko shi ne mai albarka. Duk ɗinkin da ya warware yana barin ƙarin tabo, na biyu ya fi na farko wuya, na uku ya fi na biyu. Don haka ba kowane mai riƙe wuƙa ake miƙa wa wannan aiki ba, ko da asibitinsa ya fi kusa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wuraren da aka sani da aikin suna nan. Gwamnatin tarayya tana da cibiyoyi na ƙasa a Babbar Ruga, da Ningi a jihar Bauchi, da Abakaliki a Ebonyi. Akwai cibiyar Laure a cikin asibitin Murtala na Kano, da asibitin Maryam Abacha a Sakkwato, da na Gambo Sawaba a Zariya, da cibiyar Evangel a Jos, da babban asibitin Jahun a Jigawa inda ƙungiyar likitocin MSF ke aiki tun 2008. A Nijar akwai cibiyar ƙasa a Yamai, da ta Danja kusa da Maraɗi wadda aka buɗe a 2012. (Abin lura, Babbar Ruga da Danja duka a asibitin kutare aikin ya tsiro. Ko ba a faɗa ba, an gane inda jama'a suka ajiye masu wannan lalura.) A yawancinsu aikin kyauta ne, abin da ke kayar da iyali shi ne kuɗin mota da abincin mai jinya na mako uku ko huɗu.

Bayan aiki roba takan zauna kwana 10 zuwa 14, ko da yake a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kwana 7 zuwa 10 sun isa ga rami mai sauƙi. Likitan da ya yi ɗinkin shi ya san wanne ya dace. In an cire, a riƙa zuwa fitsari duk bayan sa'a biyu ko an ji ko ba a ji ba, don mafitsarar da ta shekara a wofi ta tsuke, sai a hankali take koyon riƙo. Wasu ramin ya rufe amma in sun yi tari ko dariya sai ɗan fitsari ya zubo. Wannan ba warwarewar ɗinki ba ce, raunin naman riƙo ne, kuma yakan ragu cikin watanni in ana motsa shi: a matse kamar mai riƙe tusa, a ƙirga biyar, a saki, sau goma, safe da rana da dare.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne gida. Babu kwanciyar aure na aƙalla wata 3, wasu likitocin har 6 suke cewa. Babu daka, babu ɗaukar tulu. Mijin da ya yi shekaru bai leƙo ba, da ya ji an ce ta warke sai ya aiko a mayar masa da matarsa. Wannan bayani da shi ya kamata a yi, a gaban likita, ba a bar yarinya ta je ta faɗa da bakinta ba, don ba za ta iya ba.

Ta fuskar addini akwai wata cuta da ake yi wa matan nan cikin rashin sani. Da yawa sun bar salla shekaru, suna ganin ba su da tsarki. Malaman Malikiyya sun daɗe da warware wannan a babin salisul bauli, wato fitsarin da ke zuba ba da ikon mutum ba. In yana zuba mafi yawan lokaci, ba ya karya alwala, kuma abin da ya taɓa tufa an yafe shi saboda wahalar kiyayewa. A Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, abin da aka ce shi ne an so mai wannan hali ya sabunta alwala ga kowace salla. Ke nan ta yi tsarki, ta canza ƙunzugu, ta yi alwala, ta yi sallarta, ko da tana jin ɗigowa. Wadda aka yi wa aiki cikin Ramadan kuma, likita ya ce ta sha lita 5, marar lafiya ce, ta sha ta rama daga baya. Ci da sha da tufa da wurin kwana ba sa faɗuwa daga kan miji don matarsa ta yi ciwo. Wannan duka karatu ne na minti goma, amma da wuya ka ji shi a wa'azin mata ko a huɗuba, sai dai a ranar 23 ga Mayu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2013, a yi jawabi a raba atamfa.

Alƙawarin gwamnati kuwa ba a rasa shi ba. Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta tun 2005. A Najeriya, cikin 2024 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta ƙaddamar da shirin yi wa masu yoyo aiki kyauta, a watan Nuwamban shekarar kuma ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali. Kyauta a takarda ba ta hana a ce babu jini, babu man janareta, mai ba da allurar barci ya tafi gida. Don haka wanda zai raka mai ciki asibiti ya tafi da mutum biyu da za su iya ba da jini, ya kuma tambayi sunan shirin da bakinsa a teburin karɓar kuɗi, don ba kullum ake tuna wa mutum ba.

Wadda ta warke tana iya sake haihuwa, da yawa ma sun haifa. Sai dai a jinkirta ciki aƙalla shekara guda, da taimakon tsarin tazara in ya kama. Al'ada takan ɗauke wa wasu na tsawon watanni bayan wahalar da suka sha, amma wannan ba ya nufin ciki ba zai shiga ba. In ya shiga, a fara awo tun watannin farko, a nuna katin da cibiya ta bayar mai bayanin irin ɗinkin da aka yi. Duk haihuwar da za ta biyo baya ta tiyata ce, wadda aka sa wa rana tun kafin naƙuda, don tabo ba ya miƙewa kamar lafiyayyen nama, kan yaro in ya bi ta kansa yaga shi zai yi. Wadda gidanta ke nesa da gari, da cikin ya shiga wata tara ta koma wurin dangi kusa da asibitin, da katinta a cikin leda, a ƙasan jakar kayan haihuwa.